Takalmi Lamba Talatin da Shida

"Fito da ƙafar nan ki ɗora a kan filo, na ce!"

Auta ta zaro ƙafar hagu daga robar ruwan ƙanƙara tana cije leɓe. Umma na tsaye a kanta a tsakiyar falo, hannu ɗaya a ƙugu, ɗayan riƙe da wani ɗan takalmin roba mai lanƙwasasshen baki, tana jujjuya shi kamar ta kama ɓera a kicin.

"Lamba talatin da shida! Ke da kike sa talatin da tara tun kina sakandare! Kuma mijinki ne ya sayo miki shi da hannunsa?"

"Umma, haka ake sa shi fa. Duk masu hawan dutse…"

"Rufe min baki! Duk masu hawan dutse ni na haife su?"

Sati uku ke nan Auta na gidan mahaifiyarta. Wata goma da aurenta da Koci, mai koyar da hawan dutse, wanda a hannunsa ta koyi wasan har ta fi maza da yawa. Su masu hawan nan suna da wata ɗabi'a: sai su cusa ƙafa a takalmin da ya yi musu kaɗan, yatsu a dunƙule, don su iya tsayawa a kan ɗan tudun da bai fi bakin cokali ba. Satin farko na aurensu Koci ya kawo mata nata a kwali, yana ta washe baki. Ta sa, ta ji kamar an ɗaure mata ƙafa da waya. Ya ce, "Zai saki, kowa da haka ya fara." Ta yi murmushi ta ce ya yi mata daidai.

Bai saki ba. Bayan wata biyu ta fara jin kamar akwai tsakuwa a ƙarƙashin tafin ƙafarta, ta zazzage takalmi, ba komai. Sai zafi tsakanin yatsa na uku da na huɗu, wani sa'in ya ja kamar lantarki, wani sa'in yatsun su yi sanyi ƙalau. Ta ja bakinta ta yi shiru. Ita dai tana ganin yadda fuskarsa ke haske in ta kai saman dutse, ba ta so ta ɓata masa. Allah sarki so, shi ke sa mai hankali ya tafka wauta ido buɗe! Ranar da ta kasa takawa daga gado zuwa banɗaki ta durƙushe tana kuka, ranar asiri ya tonu. Umma ta zo dubiya, ta ga takalmin, ta tattara 'yarta ta yi gaba.

Likita ya ce jijiyar da ta ratsa tsakanin yatsun ce ta kumbura saboda matsi. Ya rubuta takalmi mai faɗin baki, da ɗan soso da ake sawa a ƙarƙashin tafin, da ƙanƙara sau uku a rana, da allura. Hawa kuwa babu shi sai bayan wata shida. In kumburin ya ƙi sauka, sai tiyata a yanke jijiyar, yatsun nan biyu ba za su ƙara jin komai ba.

Duk bayanin nan, kalma ɗaya Umma ta riƙe: matsi.

Kullum da yamma Koci zai zo ya tsaya a bakin ƙofa, kullum Umma za ta tare shi a nan.

"Umma, don Allah ko minti biyu…"

"Ko sakan ɗaya! Na faɗa maka abin da nake so. Ka rubuta mata takardarta, ka je ka nemi mai ƙafar da ta dace da takalminka."

Auta na jin su ta taga, filo a fuskarta don kada kukan ya fita. Wayarta ma Umma ta karɓe. Tana son mijinta kamar ranta, kuma ga aurenta yana mutuwa a bakin ƙofa alhali ko takawa zuwa can ba ta iyawa.

"Umma, wallahi bai sani ba! Ni ce na ɓoye masa!"

"Wata takwas kina cin wuya a cikin gidansa bai sani ba? In ya sani mugu ne, in bai sani ba makaho ne. Zaɓi wanda kike so a ciki."

Rana ta ashirin da biyu, Koci ya zo da farar takarda da biro.

"Umma, ban rubuta komai ba. Ki bar ni in nuna miki abu ɗaya. In kin gani kin ce in rubuta, ba zan yi musu ba."

Ta matsa gefe ta ba shi hanya. Ya shigo ya zauna a ƙasa daga bakin falo, ya rame har ƙasusuwan wuyansa sun fito. Bai iya kallon Auta ba. Ya cire takalmi, ya cire safa. Umma ta yi salati. Yatsun sun lanƙwashe sun hau juna, farata biyu sun yi baƙi ƙirin.

"Ki ara min allurar ɗinki, Umma."

Ta zaro ɗaya daga kan keken ɗinkinta ta miƙa masa. Ya soka a yatsa na uku, ya soka a na huɗu. Jini ya tsattsafo, ko gezau bai yi ba.

"Shekara shida ba na jin waɗannan. Wanda ya koya min hawa ya ce alamar gwaninta ce, ni kuma na yarda, har alfahari nake yi da su a cikin abokai. Jiya na kai wa likitanta su, ya ce nawa sun wuce gyara." Ya miƙa wa Umma allurarta. "Abin da na ɗauka mafi kyau a duniya shi na ba ta, Umma. Ashe ciwo na sayo mata a kwali."

"Koci!" Auta ta fashe da kuka. "Wata goma muna gida ɗaya, ba ka taɓa faɗa min ba ka jin su ba!"

"Ke ma ba ki faɗa min ba. Sori, Auta. Sori…"

Umma ta daɗe tana kallon ƙafafun nan. Can ta goge ido da bayan hannu, ta ja tsaki.

"Wawaye biyu Allah ya haɗa! Mayar da takardarka aljihu. Amma tana nan wurina sai likita ya sallame ta, kuma kai za ka riƙa kai ta asibiti."

Haka aka yi. Sau uku a sati yana zuwa ya kai ta wurin fisiyo, masu motsa gaɓoɓi a asibiti, ya dawo ya durƙusa a falo yana ƙirga mata tana murza ƙwallo da tafin ƙafa, tana ɗaukar tawul da yatsu. Aka yi allura ta farko, zafin ya lafa, suka yi murna. Bayan sati shida zafin ya dawo. Aka yi ta biyu, ya sake dawowa. A wata na biyar likita ya girgiza kai ya ce an daɗe ana matse jijiyar, da an zo tun farko da ba haka ba.

Aka yi tiyata. Ranar da aka kwance bandeji Auta ta taɓa yatsun biyu, ta ji kamar na wani ta taɓa. Ta yi kuka mai yawa, don ta san manyan duwatsun da take mafarkin hawa sun tafi ke nan, sai dai ƙananan bangwayen da 'yan koyo ke hawa. Koci na gefenta bai ce ta yi haƙuri ba, shi ma kukan yake yi.

Bayan wata biyu ta taka daga falo har bakin titi ba ɗingishi, ba zafi. Haƙurinsu ya dawo musu da aurensu, amma bai dawo da yatsun ba. Ɓoye ciwo ga wanda yake son ka ba so ba ne, cutar kai ce da cutarsa, domin ranar da ya gano, kuka biyu zai yi.

Umma da kanta ta sa akwatin Auta a bayan mota. Ta zagayo wajen Koci, ta sunkuyo ta tagar, idonta jawur.

"Ga amanata nan. In ka tambaye ta ta ce maka lafiya lau, ka ƙara tambaya."