Takardar Sakin Layi

Wata yarinya ce 'yar aji huɗu a Dutsin-Ma. Tana da hankali, amma akwai ta da kasa kunne a bayan zana.

Mahaifinta, Malam Dalhatu, ya sayi gida mai wayar tarho daga hannun Malam Cornelius, wani akawu da ya koma Kurfi. Sai dai layin yana nan da sunan Cornelius. Ofishin waya ya ce ba za a mayar wa Malam Dalhatu ba sai tsohon mai shi ya rubuta cewa ya sake shi. Yarinya ba ta san duk wannan ba.

Wata rana da la'asar ta ji Baba yana ce wa Inna, "Hawwa'u, ga takardar sakin nan. Gobe a gama komai, kowa ya huta."

Inna ta ce, "To, Allah ya sa haka ne mafi alheri."

Yarinya ta maimaita kalmar a ranta. Takardar saki! Irinta aka ba uwar ƙawarta bara, ta kwashe kayanta, har yau ba ta dawo ba.

Da Baba ya tafi masallaci, ta zare takardar daga aljihun rigar da ya rataye. Ko buɗewa ba ta yi ba, ta cusa ta a murhu.

Da safe Baba ya birkice gida da nema. Ransa ya ɓaci ƙwarai.

Ya ce, "Wata shida ina bin takardar nan. Kuma jibi Cornelius zai koma garinsu gaba ɗaya. In ya tafi, mu da layin nan har abada."

Yarinya ta yi tsuru-tsuru. Inna ta dube ta, ta ce, "Ke, me kika sani?"

Sai ta fashe da kuka. "Ni na ƙona ta. Ba na so ki tafi, Inna."

"In tafi ina?"

"Baba ya ce takardar saki ce."

Baba ya zauna a bakin gado, ya dafe kai.

Ya ce, "Layin waya aka saki, ba uwarki ba. Da kin tambaye ni, da na faɗa miki. Sa takalminki. Da bakinki za ki yi bayani."

Suka shiga motar Kurfi.

Suka tarar da Malam Cornelius yana ɗaure kaya. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta faɗi abin da ta yi.

Ya yi dariya har da hawaye. "Malam Dalhatu, ai wannan 'ya ce mai son uwarta." Ya kwance akwati, ya nemo biro, ya rubuta wata takardar.

A hanyar dawowa Baba ya miƙa mata takardar. "Ke za ki riƙe. Amma ki sani, rabin zance ba zance ba ne. In ba ki gane abu ba, ki tambaya kafin ki aikata. Matambayi ba ya ɓata."

"Na ji, Baba."

Da suka iso gida, Inna tana tsakar gida tana tankaɗe. Yarinya ta ruga ta rungume ta, gari ya baɗe su duka biyu.

Inna ta ce, "Sake ni mana, ja'ira. Ina nan, ba inda za ni."