Bizar Ritayar Lung Okabe

"Ba zan sa hannu ba, Mae! Ko me za ki ce, ba zan sa ba!"

Mahaifiyata ta ajiye ludayi ta juyo ta dube ni. Masu cin taliyar rana sun watse, daga mu sai tulin kwanukan da ba a wanke ba.

"Fon, rage murya. Yana sama, zai ji ki."

"Ya ji mana! Ai gidana ne."

Maganar ta kuɓuce min kafin in tauna ta. Gaskiya ne sunana mahaifina, Pho, ya sa a littafin rajistar gidan kafin ya rasu, amma ban taɓa yi wa Mae gori da shi ba sai ranar. Ta ɗauki soso ta hau wanke-wanke.

Wanda ake rigimar a kansa Lung Okabe ne, wato Kawu Okabe a yarenmu, ɗan Japan, mai shekara sittin da uku, tsohon makanikin jirgin ƙasa. Shekara uku da suka wuce ya zo Chiang Mai yawon buɗe ido, ya shigo shagonmu ya ci taliya, sai ya yi mako guda bai ci abincin kowa ba sai namu. Ashe ba miyar kaɗai ta yi masa ba. Tun daga nan suke waya da Mae, har ya shiga makaranta ya koyi yarenmu, yana yin sa a hankali kamar mai karanta labarai a rediyo.

Bana sai ga shi da akwati biyu, ya kama hayar ɗakinmu na sama. Hatimin kwana sittin aka buga masa a fasfo, yanzu yana so a mayar masa bizar ritaya ya zauna gaba ɗaya. Ba a karɓar takardun sai da sauran aƙalla kwana goma sha biyar a hatimin, shi kuwa saura sha shida. Ya haɗa komai, abu ɗaya ya rage: mai gida ta sa hannu cewa a gidanta yake zaune, ta ba da kwafin littafin gida. In ban sa gobe ba, sai ya tattara ya koma.

Ni kuwa mutumin bai kwanta min ba ko kaɗan. Ladabinsa ya yi yawa. Dattijo da furfura, shi zai fara haɗa hannu a ƙirji ya gaishe ni, ni da ya isa ya haife ni! Ya gyara fankar shago, ya gyara famfo, har ƙafar teburin da ta shekara biyar tana rawa ya daidaita. Ni dai na san ba a yi wa mutum wahala haka a banza.

"Mae," na ce, na sassauta murya, "tsaya ki ji. Ya ce yana son ki, ko?"

"Haka ya ce."

"To me ya hana shi neman bizar aure? Kuɗin da ake so a gani a banki ma rabi ne. Wane mai hankali ne zai bar mai sauƙi ya ɗauki mai tsada?"

Ta ci gaba da wanke kwanukanta.

"Ni zan faɗa miki. Kafin baƙo ya yi aure a nan sai ya kawo takardar shaidar ba shi da mata. Shi kuwa ba zai iya kawowa ba, don yana da ita! Kullum da safe ina jin sa yana waya, muryar mace ce, yana ta lallashinta ƙasa-ƙasa."

"Laɓe kika koma yi?"

"Gadinki nake yi!"

"Wa ya ɗauke ki aikin?" Ta share hannu a zaninta. "Shekarata hamsin da biyar, luk, 'yata. Na binne miji, na aurar da ƙanne uku. Ina ganin na san fuskar maƙaryaci."

Ta wuce ciki ta bar ni da takaici.

Da la'asar saurayina Phi Thawat, wato Yaya Thawat, ya kira daga garin Rayong mai nisa. Shekara uku ke nan da aka yi mana baiko, sau uku ina ɗaga bikin, don ba zan iya barin Mae ita kaɗai da shago ba. Na zayyane masa komai, ina jiran ya goya min baya.

"Masoyiyata," ya ce, "in da gaske mutumin yake fa?"

"Kai ma ya saye ka ke nan?"

"Ban taɓa ganinsa ba, Fon."

"Oho! Na gane. So kake in sa hannu, in jefa mahaifiyata hannun baƙo, don in samu in taho wurinka."



"E, ina so ki taho. Laifi ne? Ɗakin da na yi mana fenti har ya fara koɗewa... Da kin ce Mae ba ta da kowa. Yanzu ta samu, kin ce ɓarawo ne. Ni dai na daina tambaya, ran da kika shirya kya faɗa min."

Ya kashe. Ina son Thawat kamar raina, kuma maganarsa ta yi min zafi, amma na ce a raina duk bakinsu ɗaya.

Washegari na sa littafin gida a jakata na ce zan bi su. Mae ta yi murmushi, ta ɗauka na sauko. Ni kuwa so nake in titsiye shi a inda ba zai iya gudu ba.

Ofishin shige da fice cike yake da tsofaffin baƙi, kowa da jakar takardu a cinya. Lung Okabe ya karɓo lamba arba'in da biyu, ana kan talatin. Ya sa farar riga mai dogon hannu, ya ɗaure maɓalli har wuya, gumi na tsattsafo masa. Ya miƙo min takardar da biro da hannu biyu. Ban karɓa ba.

"Lung, wace ce matar da kake kira kullum da safe?"

"Fon!" in ji Mae. "A gaban mutane?"

"Ƙyale ta, Khun Buakham," ya ce wa Mae, yana kiran sunanta cikin girmamawa. "Tana da hakki." Ya juyo gare ni. "'Yata ce, Mizuho. Ta girme ki da shekara biyu."

"'Yarka kake lallashi haka?"

"Dole. Fushi take da ni. Ta ce mahaifiyarki kuɗin fanshona take hari."

Na miƙe zumbur. "Mae ɗin tawa? Matar da take tashi tun asuba ta dafa abin da za mu ci da guminta? Ita wace ce da za ta zargi mutumin da ba ta sani ba?"

Ya dai zuba min ido ta saman tabarau. Mae ta kawar da kai tana danne dariya. Na koma na zauna, amma ban saduda ba.

"Na ji. To me ya sa ba ka nemi bizar aure ba? Ka faɗi gaskiya, ba ka da takardar, ko?"

Ya buɗe jakarsa, ya wuce takardun banki da hotuna, ya zaro wata daga can ƙasa. An fassara ta da yarenmu, ga hatimin ofishin jakadancinsu. Matarsa ta rasu shekara bakwai da suka wuce, ba shi da aure. Tun makon da ya iso ya karɓo ta.

Na sake karanta takardar.

"To... tunda kana da ita, me ya sa?"

"Na tambaya sosai kafin in zaɓa," ya ce a hankali, yana neman kalmomi. "In na zauna da bizar aure, ran da auren ya mutu, bizar ta mutu. Kowace shekara sai ta zo nan ta sa hannu kafin a bar ni. Kin san mahaifiyarki... kare ma ba ta iya kora daga shago. In wata rana ta gaji da ni, ba za ta faɗa ba. Za ta tuna tsoho ne, za a mayar da shi inda ba shi da gida, sai ta haƙura ta zauna da ni don tausayi."

Ya cire tabarau ya goge.

"Ba na son haka. Ina so zamana ya tsaya da ƙafarsa. In ta ce in tafi, in koma wata unguwa kawai. In kuma ta ce in zauna, in san so ne."

Mae ta rufe baki da hannu. Ashe ita ma ba ta taɓa jin dalilin ba.

"Na ɗauka..." in ji ta, "na ɗauka kunyar auren mai sayar da taliya kake ji. Shi ya sa ban tambaya ba."

"Khun Buakham! Ni?"

Aka kira lamba arba'in. Hawaye suka zubo min, ban san sanda suka taru ba.

"Tsoro nake ji, Mae. Tun da Pho ya rasu ni ce mai kula da ke. In ba kya bukatata, ban san me zan yi da kaina ba."

Ta jawo ni jikinta a gaban duk baƙin nan.

"Ja'ira. Ki je ki auri yaron mutane kafin furfura ta fito masa shi ma. Kin ɗauka ban san da ni kike fakewa ba? Na haife ki ne don ki yi rayuwa, luk, ban haife ki don gadi ba."

"Arba'in da biyu!"

Na fizge biron daga hannun Lung Okabe. Na sa hannu a takardar, na sa a kwafin littafin gida shafi-shafi, muka isa gaban jami'ar shige da fice mu uku.

Jami'ar ta duba fasfo, ta ƙirga kwanakin da yatsa, ta ɗago.

"Saura ƙiris ku makara. Ke ce mai gidan?"

"Ni ce."

"Shi kuma ɗan haya ne?"

Na dubi tsohon, ya ƙame yana riƙe da jakarsa da hannu biyu, ko numfashin kirki ba ya yi.

"A takarda ɗan haya ne," na ce da sauri. "A gida kuwa mijin da mahaifiyata za ta aura ne, kuma ba inda za shi."

Jami'ar ta yi murmushi ta jawo hatimin karɓar takardu. Na yi maganar da sauri, kuma cikin kuka, don haka Lung Okabe bai kama ba. Ya sunkuya wajen Mae a tsorace.

"Me ta ce? Akwai matsala ne?"

Mae ta kama hannunsa, a gaban kowa, hawaye na bin kumatunta.

"Ta ce ka zauna."