Auren da Aka Ɗaura a Dandali

A wurin gwajin wasan kwaikwayo na matasan Abbare Suhail ya fara ganin Mufida. Shi ya rubuta wasan, ita aka ba fitowar amarya. Ta karanta layi biyu ta ɗago kai.

"Malam, mace ba ta magana haka."

Ya gyara layin. Tun daga ranar bai ƙara samun sukuni ba.

Mahaifinta, Alhaji Hammanjoda, ba ya son wasa. Sai da aka karanta masa takardun kaf, bai ji abin ƙi ba, sannan ya yarda, da sharaɗin ƙaninsa Sada ya raka ta.

Ranar wasa, mai fitowa a waliyyi bai zo ba. Aka lallaɓi Baffa Sada ya hau. A takarda layi ɗaya ne. A dandali kuwa, baffanta na jini ne ya karɓi sadaki a hannun Khalifa, mai fitowa a ango, ya ce, "Na ba ka ita," zaure cike da shaidu. Wani dattijo har ya shafa fatiha da gaske.

Kafin magariba magana ta kai gidansu a Majidaɗi: an ɗaura wa Mufida aure.

Suhail ya tura manyansa neman aurenta, aka mayar musu da goronsu. Aka tambayi malamai: wannan ya ce wasa ne, wancan ya ce ba a wasa da aure.

Alhaji ya ce, "Ba na aurar da 'ya a kan shakka. Khalifa ya furta saki, kowa ya huta."

Khalifa ya daɗe yana sonta tana ƙinsa. Ya ce zai yi tunani. Damina ta shiga ta fita yana tunani.

Suhail ya tura mata saƙo: "Ƙanwata, na gaji. Da hannuna na rubuta ki ga wani."

Ta amsa: "Ni ma na gaji, Malamina. Ko kasuwa na shiga sai a ce ga matar Khalifa. Kai kaɗai ne ban gaji da kai ba."

Ran nan ya hange ta tana shiga shagon Khalifa a Nukkai. Ya bi ta, ya tsaya a bakin ƙofa.

Ya ji tana cewa, "Ka ce ni matarka ce? To gobe zan tare. Zan dafa maka, in wanke maka kaya. Amma wannan fuskar za ka riƙa gani har mutuwa."

Khalifa ya daɗe yana dubanta. Ta rame, ko kwalli babu.

"A dandali ba haka kike kallona ba."

"A dandali ba kai nake kallo ba. Suhail yana tsaye a bayanka, jikin labule."

Washegari Khalifa ya je gaban Alhaji ya furta sakin, kansa a ƙasa.

Aka ɗaura auren Suhail da Mufida ranar Juma'a. Da za a kai amarya, Alhaji ya dafa kansu.

"Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya. Ku tafi, na gaji da ganinku a rame."

A mota, ba su wuce unguwar ba barci ya kwashe ta a kafaɗarsa. Suhail ya ce wa direba ya tafi a hankali.