Ƙudan Mangwaron Kaoje

Rana ta yi ja lokacin da Zayyanu ya jingine babur ɗinsa a bakin lambun Ɗanaudu, can bayan Kaoje, hanyar kan iyaka. Malamin gona ne. Ƙudan mangwaro sun addabi manoma, suna zuba ƙwai a cikin 'ya'yan itace, tsutsa ta cinye. Aikinsa ya kama su da rai, ya farke cikinsu da allura, ya ɗebi ƙwayoyin halittar da ke hanjinsu. Da su ake haɗa maganin da warinsa ke jawo sauran ƙudan cikin tarko su mutu.

Tarko ɗaya ya rage bai duba ba, a jikin tsohon mangwaron bakin rafi.

"Malam, bari sai da sahe," in ji Ɗanaudu, murya ƙasa-ƙasa. "Ba a zuwa wurin ga da almuru."

Zayyanu ya yi dariya ya wuce.

Ƙasa ta yi laushi da ruɓaɓɓen mangwaro. Wari mai zaƙi ya cika masa hanci. Ya miƙa hannu zai kwance gorar tarkon, sai kukan kwaɗi ya ɗauke.

Tsit.

A gindin itacen wata tsohuwa na zaune, lulluɓe da baƙin zane. Zanen yana motsi. Da ya ƙura ido, ya ga ashe ba zane ba ne. Ƙuda ne, sun rufe ta tun daga kai har ƙafa.

"Kai na mai hwarke mini bisashe?" ta ce, cikin raɗa.

Ya ja da baya. "Inna, aiki na... manoma na asara."

"Da ransu kake yi. Ina jin kukansu."

Ya nemi addu'a, harshe ya ƙi juyawa.

Ta miƙe. Ba ta taka ƙasa ba. Yatsanta mai sanyi ya ratsa rigarsa, ya tsaya a cibiyarsa.

"Ka hana su masauki," ta ce. "To, ka sauke su."

Wani abu ya murɗa a hanjinsa.

Daga nesa ladan ya ɗaga murya. Yatsan ya sassauta. Zayyanu ya bar gorar ya zura da gudu, yana faɗuwa yana tashi, har ya zube a ƙafafun Ɗanaudu.

Maganin ƙudan ya yi aiki. Da shekara ta zagayo, mangwaron Kaoje ya fito sumul, motoci suna lodi zuwa Dole Kaina. Zayyanu kuwa ya kwanta ciwo, manoma ba wanda ya tako gaishe shi.

Yana ci kamar mutum uku, yana ramewa. Likita ya ɗauki hoton cikinsa, bai ga komai ba.

Wata rana da azahar yana kwance, matarsa Mashkura ta zo goge masa zufa. Ta tsaya. A hankali ta kara kunne a cikinsa.

Zuuu. Kukan ƙuda.

Ta ɗago, ta goya ɗiyarsu, ta fita ko mayafi ba ta ɗauka ba. Yana kiran sunanta, ba ta waiwayo ba.