Cindo da Akushin Maɗaci

A wani gari, can da daɗewa, an yi wani masassaƙi mai suna Cindo, wanda bai yarda da kowa ba. Ko gaishe shi ka yi, sai ya shafa aljihunsa.

Wata rana yayarsa ta kawo masa guntun maɗaci guda ɗaya tal, ta ce ya sassaƙa mata akushin tuwon sunan jikanta. Maɗaci kuwa murɗaɗɗen itace ne. Cindo ya kai sara da gizago, itace ya ɓantare.

Maƙwabcinsa Barau, shi ma masassaƙi, ya leƙo ya ce, "Malam Cindo, wasa gizagon nan tukuna."

Cindo ya ce a ransa, "So yake bakin gizagona ya cinye." Ya ƙi wasawa. Itace ya ɓantare.

Barau ya ce, "Ɗan'uwa, riƙa ɗauka kaɗan-kaɗan, kamar ɓawon albasa."

Cindo ya ce a ransa, "So yake ranar suna ta riske ni." Ya ƙara ƙarfi. Itace ya ɓantare.

Barau ya ce, "Haba, juya shi mana, ka bi inda itacen ya kwanta!"

Cindo ya ce, "Kai da kwanciyar! Na gano ka."

Ya zage ya kai sara, gindin akushi ya ɓurme.

Ranar suna yayarsa ta zo karɓa. Ta ɗaga akushi, ta hango Cindo ta cikin ramin, ta ce, "Ƙanena, tuwon zan zuba a nan ko kaji zan leƙa?"