Fuskar da Aka Ɗora wa Auta

Magariba ta kawo kai, fitilun titi ba su kama ba tukuna, lokacin da dutsen farko ya faɗo kan rufin gidan Mai Yumɓu. Matarsa tana kwashe shanya, ta ɗaga kai ta yi wa yaran maƙwabta addu'ar shiriya. Da na biyu ya faɗo sai ta waiwaya, domin daga cikin gidan ya taso, daga wajen ɗakin baya inda maigidan ke aiki.

Sana'arsa ƙera fuskoki ce ta 'yan fim: hancin tsoho, tabon wuƙa, kan dodo. A lokacin wani darakta ya kawo masa wata tsohuwar mujallar zane, ya nuna masa mugun da aka zana a ciki, mai ƙaho da haƙora zaƙo-zaƙo. Iyayenmu sun yi fitsarin kwance saboda shi, amma yaran yanzu dariya yake ba su. Darakta ya ce a sake masa kama, a yi fuskar da ko babba ya gani sai ya waiwaya bayansa. Mai Yumɓu mutum ne mai ji da hannunsa, wanda in an yaba aikin wani a gabansa sai abinci ya fita ransa. Ya yi ta zane yana yagawa har matarsa ta ce za ta fara sayar da takarda.

Ɗakin bayan ya daɗe a rufe kafin ya mai da shi wurin aiki. Wata rana da almuru, yana zaune bai kunna wuta ba, ya ga wata fuska a gilashin taga, can bayan inuwar tasa. Ba ƙaho, ba haƙori. Fuskar mutum ce sak, sai dai idanun sun ɗan yi nisa da juna, gefen baki na hagu kuma ya ɗaga kaɗan, kamar mai jiran ka gama magana ya gaya maka ranar mutuwarka. Mai hankali salati zai yi ya fita. Shi fensir ya lalubo.

A wannan sana'a ba a gina fuska a kan iska. Sai an zuba farin simintin nan na ɗorin karaya a fuskar ɗan wasa, an fitar da siffarta, sannan a ɗora yumɓu a kai. Ɗan wasan bai iso ba, Mai Yumɓu kuma hannunsa na ƙaiƙayi. Sai ya kira Auta, 'yarsa mai surutu da dariya, ya kwantar da ita ya ɗauki siffar tata fuskar. Ta tashi tana tsokanarsa wai yanzu tana da kai biyu, sai a ƙara mata kuɗin makaranta. A kan wannan farar fuska ya gina ta gilashin.

Jifan ya zama na kullum, da rana ta faɗi. Daga baya aka fara jin ana kiran sunan Auta daga ɗakin baya, a hankali, da muryar ubanta, alhali uban yana zaune a falo. Sai surutun yarinyar ya ɗauke. Uwar ce ta fara lura cewa fuskar 'yarta ta daina motsi: ana ba ta dariya ba ta yi, ana yi mata faɗa ba ta ɓata rai. Wata safiya tana gyara mata gashi, ta ga idanun kamar sun ja baya da juna. Tsoro ya kama ta irin wanda ba ta taɓa ji ba, ta ajiye matajin ta tafi kiran malamin da ke yi wa mutane ruƙiyya.

Malam ya zo da yamma, dattijo ne marar yawan magana. Ya sa aka zaunar da Auta a tabarma, ya fara karatu. Gidan ya yi tsit, har ƙarar firij ta zama abin tsoro. Can yarinyar ta ɗago, gefen bakinta na hagu ya ɗaga, wata murya mai nauyi ta fito daga ƙirjinta.

"Ban shiga gidan kowa ba. Shi ya ɗora ni a kanta."

Malam ya tambayi aljanin abin da yake nema. Muryar ta ce tun kafin a sa tubalin gidan yake zaune a wurin, bai taɓa ko cokalinsu ba. Su aljanu ba a ganinsu, kuma masu zana su da ƙaho ba su dame shi ba, domin ƙarya suke zanawa. Amma wannan ya sace masa fuska ta gaskiya, zai kai ta inda dubban mutane za su zauna cikin duhu su zuba mata ido.

"Ya riƙe tawa, na riƙe tata."

Mai Yumɓu ya zabura ya ɗauko guduma zai farfasa aikin. Muryar ta yi wata 'yar dariya, ta ce ya fasa mana, in ya manta fuskar wa ke ƙasa. Gudumar ta faɗi daga hannunsa. Malam ya yi ta ja da aljanin har suka daidaita: uban zai ɓare yumɓun da yatsunsa, kaf, ba tare da ya ƙwarzani farar fuskar ba, ya ƙone zanen, shi kuma aljanin ya fita ba dawowa.

Aka kawo kan da Mai Yumɓu ya ƙera aka ajiye a gabansa. Ya fara daga goshi, yana ɓara yana zufa, goshin Auta na saki. Ya cire idanun, ta ƙifta nata. Da ya iso gefen bakin nan sai babban yatsansa ya tsaya. Duk rayuwarsa bai taɓa yin abu mai kyan wannan ɗan lanƙwasa ba, kuma ya san ba zai sake ba. Yumɓun wurin bai kai ƙwayar wake ba. Ya rufe shi da tafin hannu.

"Ka gama?" in ji Malam.

"Na gama."

Auta ta yi atishawa ta faɗi jikin uwarta, ta farka tana tambayar me ya sa kowa ke kuka. Jifa ya tsaya daga ranar. Darakta ya yi fushi ya kai aikin wani wuri, aka mayar wa mugun da ƙahonsa, yara suka ci gaba da dariyarsu.

Auta ta dawo da surutunta, har uwar ta fara cewa a rage. Sai wata magariba suna cin abinci, uban ya miƙa mata ruwa, ta ɗago ta dube shi. Duk fuskar tata ce, ban da gefen baki na hagu, wanda ya ɗaga kaɗan ya tsaya.

Ya tashi ba ko takalmi ya nufi ɗakin baya, ya yaye ƙyallen da ya rufe kan. Ɗan yumɓun ya bushe, ya kama farin simintin ya zama abu guda da shi. Ya sa farce a hankali, sai ya ji Auta ta yi ƙara daga falo. Ya janye hannunsa.