Hoton Albasar Alhaji Ladan

Ranar da Ihsan ta fara ganin Munir, ba so ta ji ba, zargi ta ji. Ta ɗauko fura za ta kai wa mahaifinta, Alhaji Ladan, a gonarsa ta albasa da ke bayan garin Aliero, sai ta tarar da wani dogon saurayi durƙushe a bakin gonar, 'yan firamare sun kewaye shi. Ya saita wata faffaɗar waya, irin wadda ake kira tablet, kan dashen da aka yi jiya-jiya.

"Malam, mi kake ɗauka ga gonar mutane?"

"Albasa guda ɗai, ranki ya daɗe, kuma na nemi izinin mai ban-ruwa. Manhaja ta ta kyauta, ta koya ma yara kimiyya. Kullum mu ɗauki hoto daga wuri guda, in albasar ta ƙosa sai manhajar ta haɗe hotunan, yara su ga yadda take girma."

"Kyauta?" Ta taɓe baki. "Ruwa dai ba ya tsami banza."

Ta wuce abinta ba ta waiwaya ba. Amma fa Ihsan ɗin da sai an yi da gaske take zuwa gona, ita ce ta koma ɗaukar kwanon fura tun ba a ce mata ba. Kafin albasa ta fara kai, an yi musayar lamba, saƙo ya fara shigowa.

"Gimbiyar fadama, yau kin makara. Har albasar ta yi yaushi."

"Malam Kimiyya, ka ba ta ruwa mana. Ni ce injin ban-ruwa?"

Ta tura, ta rungume wayar tana dariya ita kaɗai. Son Munir ya kama ta, ba ta kuma yi gardama ba.

Da manyansa suka zo daga Karaye neman izini, sai labari ya isa kunnen Fahad, ɗan wani dillalin albasa a kasuwar Jega, wanda ya daɗe yana zarya Ihsan ba ta ko kallonsa. Ya sami Alhaji Ladan ya rage murya.

"Alhaji, baƙo kullum shina ɗaukar hoton wurin da kake wuni, da hanyar da kake bi. Wanga zamani na infoman 'yan bindiga? Ni dai na hwaɗi."

Maganar ta zauna wa Alhaji daram. Ya tare Munir a gona ya ce ya buɗe na'urar ya gani. Abin mamaki, Munir ya sunkuyar da kai, gumi ya keto masa, ya ce a yi masa haƙuri. Nan take Alhaji ya ce kada ya sake ganin ƙafarsa a gonar, maganar aure kuwa a manta da ita.

Ihsan ta ji tsoro, ta ji haushi. Ta tuna zarginta na ranar farko. Wa zai ɓata safiyarsa kan albasa guda saboda Allah? Ta rubuta masa:

"Me ke cikin na'urar nan, Munir?"

"Abin da ba zan iya nunawa gaban mahaifinki ba ne, Gimbiya."

Ba ta jira ƙarin bayani ba, dama akwai ta da saurin fushi. Ta kashe wayar ta cusa ƙarƙashin filo, ta yi kuka har idonta ya kumbura.

Kawu Yari, yayan Alhaji, shi ne bai yarda a yanke hukunci a tsaye ba. Ya hau babur ya je Maiyama da Karaye bincike, kamar yadda ake yi wa kowane mai neman aure, bai samo aibu ko ɗaya ba. Ya dawo ya sa aka kira Munir zaure, Fahad ma ya shigo ba a gayyace shi ba. Ihsan ta laɓe bayan ƙofa tana leƙe.

"Yaro, ko ka buɗe nan, ko ka buɗe gaban hukuma," in ji Kawu Yari.

Munir ya danna, ya ajiye na'urar kan tabarma, ya juya fuska bango.

Sai ga ɗan dashe ya miƙe a fuskar na'urar, ganye na fitowa ɗaya bayan ɗaya, yana rausaya. Alhaji ya matso, baki buɗe.

"Tun ina yaro nike noman albasa, ban taɓa ganin ta tana motsi ba. Maido baya!"

Aka mayar. A karo na biyu ne Kawu Yari ya nuna bayan albasar da tsinin sandarsa. Ga wata yarinya can da kwano a ka, ta ɗaure fuska. Hoto na gaba ta saci kallo. Can ta tsaya. Can ta sake mayafi, ta sa kwalli. Kafin albasa ta yi kai, tana tsaye dab da ita tana murmushi har kunne.

Ashe kunyar suruki ce ta hana bawan Allah magana, ya gwammace a kira shi infoma da ya nuna wa uba 'yarsa a haka. Ihsan ta rufe fuska da tafin hannu, kunya da nadama da farin ciki suka rufe ta lokaci guda.

Alhaji Ladan ya yi gyaran murya, ya dubi ƙofar da ya san wa ke bayanta.

"Ashe infomar cikin gidana take, furata take kai mishi rahoto da ita."

Kawu Yari ya tuntsire da dariya. Fahad ya nemi takalmansa.

Da yamma Ihsan ta kunna waya ta rubuta: "Ka yafe min, Malam Kimiyya."

"Na yafe, Gimbiya. Ke ma ai binciken kimiyya kika yi, sai da kika gani da ido."

Bayan an cire albasa aka ɗaura aure. Cikin kayan gara, Alhaji ya sa albasar nan guda da hannunsa, ya ce ba ta miya ba ce, ta iri ce.

"Ku dasa ta gidanku. Allah shi yi muku albarka, shi ba ku zuri'a mai yawa kamar irinta."

Ihsan ta amsa da amin cikin mayafi, ta ƙanƙame albasar har aka kai ta ɗakinta.